Ƙofar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Kafin Gwaggo ta iso, mutanen gidan hayar sun riga sun ɓata mata aiki. Duk wanda ya ji ihun Uwar Lele sai da ya shiga ɗakin ya tsaya a kan ɗan teburin da aka sace kwamfutarta a kai, kamar in an taru an zura wa wurin ido za ta tsiro. Masu silifas da marasa takalmi, sun tattake ƙasan ɗakin tas, sannan suka koma tsakar gida suna salati suna gulma.

"Ku matsa min," in ji Gwaggo tana ture su da gwiwar hannu. "Awaki ma sun fi ku hankali. Su in an yi ɓarna, gefe suke komawa."

Gwaggo yayar mahaifin Uwar Lele ce, kuma tun da ya rasu ita ce uwa ita ce uba. Ba ta taɓa zama a aji ba. A bayan dabbobi ta girma, har ta tsufa in akuyar wani ta ɓata ita ake kira ta bi sawu. Ba ta san yadda kwamfuta take aiki ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Abin da ta sani shi ne, ana turo wa 'yar ƙaninta muryoyin mutane daga nesa, ta sa abin kunne ta saurara, ta rubuta abin da suka ce, ta mayar musu. Da wannan take rufa wa kanta asiri ba tare da ta bar ɗanta a hannun kowa ba.

Ɗakin ɗaya ne tal. Gado, labule, akwatuna biyu, sai teburin da aka matse tsakanin gado da bango, da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da tsumma. Ƙofar a wangale take, ta jingina da bango. Daga bakinta har gindin gado ƙasa ta yi fari fat da hodar jarirai, sawu a kan sawu.

Uwar Lele tana zaune a bakin gado da yaron a cinya. Ta gama kuka, idon ya bushe.

"Aikin mutanen nan yana ciki, Gwaggo. Saura kaɗan in gama. Gobe suke jira. In ban tura ba wata za su ba, kuma ba za su sake nemana ba. Kin san wuyar da na sha kafin su yarda da ni."

"Na sani. Bar zancen gobe. Faɗa min yau."

Ta faɗa mata. Da safe Mai Wuta ya zo gyara soket, ya banko ƙofa, ƙararta ta tashi Lele daga barci. Bayan ya tafi, yaron da ke cikin rigima ya wawuri gwangwanin hoda ya juye a ƙasa. Ba ta share ba, don aiki na jiranta. Da rana ta yi ya sake barci, sai ta rufe ɗakin ta zagaya bayan gida wajen famfo ta wanke masa kaya. Da ta dawo teburin wayam. Har cajar an tafi da ita, an kuma kashe soket ɗin.

"Yaron fa?"

"Yana barcinsa. Ko juyi bai yi ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallon yaron. Lele, wanda ko cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta sai ya tsala ihu.

*

Matar Direba tana ƙofar ɗakinta tana yanke farce, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan bokiti. Kowa a gidan ya san ba sa ga maciji da Uwar Lele, saboda mita ɗaya gidan ke amfani da ita, kuma ita ta rantse akwatin nan, wato kwamfutar, shi ke shanye musu wuta.

"An ce kin ce wata rana sai kin jefa shi a kwata," in ji Gwaggo, ba ko sallama.

"Na faɗa. Na kuma faɗa wa mijina wata rana sai na sa masa guba, ga shi can yana tuƙa mota." Ta hure yatsa. "Gwaggo, ni in zan ɗauki abu, a gaban mai shi zan ɗauka."

"Ina kike da rana?"

"Ina kwance a ɗaki, kaina ke ciwo. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Kuma bari in gaya miki abin da ba kya son ji. Ba wanda ya shiga ɗakin nan. Ƙofarsu ko kana banɗaki kana jin kukanta, kamar ana yanka jaki. Tun da Mai Wuta ya fita ba ta ƙara cewa uffan ba. 'Yarki ce ta ɓoye abinta. Wa ya sani, ko aikin ne ya gagare ta take neman hujja."

"Bakinki ya fi ƙofar kuka."

"Na ji. Amma ki tambaye ta ranar da na tsinto Lele a bakin titi. Yaron da bai gama iya tafiya ba, ya fita har waje, babura na wucewa, ita tana ciki ta toshe kunne tana ƙwanƙwasa allo. Ni na ɗauko shi. Ni ɗin nan da ake zargi."

Wannan Gwaggo ba ta taɓa ji ba. Amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba.

"Wa kika gaya wa?"

"Ubansa mana. In ɓoye masa?"

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya dai yi min godiya."

*

A zauren gidan, Tsohon Soja mai karɓar haya ya zaunar da Mai Wuta a kan benci, ya juye jakar aikinsa a ƙasa. Filaya, sukundireba, guntayen waya, rabin biredi. Kumatun Mai Wuta ɗaya ya riga ya tashi.

"Tsohuwa, kin makara, na kama miki ɓarawo," in ji Soja. "Shi ya shiga da safe, ya ga abin, har ya tambayi nawa ake sayar da irinsa. Sannan wane ɓarawo ne zai tsaya kashe soket in ba mai wuta ba? Hannunsa ne ya saba."

"Wa ya mare shi?"

"Tambayarsa na yi."

"Da hannu kake tambaya? Shi ya sa aka sallame ka daga aikin."

"Ritaya na yi!"

Gwaggo ta tsuguna gaban Mai Wuta. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da 'ya'ya, ga shi an zaunar da shi kamar ɗan makaranta.

"Mama, wallahi tallahi na tambayi kuɗinta," ya ce. "'Yata ce take son koyon irin aikin. Shi ke nan laifina. Daga nan gidan mai kanti na tafi, ina saman tsani har aka zo aka sauko da ni. Ki aika a tambaya. In aka kai ni caji ofis, wa zai sake buɗe min ɗakinsa a unguwar nan?"

"Da ka zo da safe, yaya ka shiga?"

"Yaya kuwa? Na yi sallama, na tura ƙofa. Ta yi ƙara, yaro ya tashi, ta harare ni. Har na ce ta kira kafinta, ƙyauren ya sauka yana jan ƙasa."

Gwaggo ta juya wajen Soja. "Kai kuma ina kake da rana, da ba ka ga mai shiga da fita ba?"

Soja ya sosa ƙeya. Yana bayan gida, wajen famfo, yana faɗa da Uwar Lele a kan ta cika ɓarnar ruwa. Tare suka dawo, ita da bokiti a hannu, shi yana biye yana mita. A gabansa ta buɗe ɗakin ta kurma ihu.

*

Ana cikin haka Baban Lele ya iso a kan babur. A shagon fenti yake aiki, can bakin babban titi, rigarsa duk ɗigon launi. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda unguwa ke cewa matarsa ta yi dace. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo.

"An kira ni a waya, Gwaggo. Abu bai yi daɗi ba."

"Bai yi ba."

"Sai haƙuri. Wata ƙila haka ne ya fi alheri. Da ma aikin nan yana wahalar da ita, ba barci ba hutu. Ta huta, ta kula da yaro. Ni abin da nake samu zai ishe mu."

"An sace wa matarka hannu da ƙafa, kana cewa ta huta?"

"Ba haka nake nufi ba."

Ya hangi Mai Wuta a kan benci, ya ga kumatun, sai ya yi sauri ya kau da kai.

"Baba Soja, da kun sake shi. A bar wa Allah."

"A bar wa wa?" in ji Soja. "A gidana? Yau a bayan kanta zai kwana."

Baban Lele ya jingine babur ɗinsa. Ya shige ciki. Gwaggo ta bi bayansa da kallo har ya ɓace, sannan ta tofar da yawu.

*

Ta kori kowa daga ɗakin, har masu shi. Sawun ƙafa ba shi da sauran amfani, an riga an kashe shi. Amma ba ƙafa kaɗai ke barin sawu ba. Duk abin da ya ja jiki a ƙasa sai ya bar shaida, maciji ne ko buhun da aka ja.

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. A kan simintin akwai tsohon zane, rabin da'ira, inda ƙyauren ya daɗe yana ƙarzar ƙasa. Hoda ta cika ramin zanen, tana kwance lumui. Da an ja ƙofar nan bayan yaro ya zubar da hodar, da ta share ta kamar tsintsiya, ta tara ta a gindin bango. Gwaggo ta leƙa gindin bangon. Babu tari. Ta zura yatsa ƙarƙashin ƙyauren ta shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Yatsan ya fito da baƙin datti, babu fari ko ɗigo.

Ta ƙwala wa Soja kira, ta sa shi ma ya shafa.

"To sai me?" in ji shi yana kallon yatsansa.

"Ba komai. Ka dai tuna launinsa."

Daga nan ta kira Uwar Lele ta ce ta rufe ƙofar. Yarinyar ta kama marikin da hannu biyu, ta sa gwiwa ta tallafe ƙyauren, ta ɗaga shi sama kaɗan, ta kai shi har ya rufu. Ko ƙis. Ta yi hakan ne ba tare da ta san ta yi ba, yadda mutum ke haɗiye yawu.

"Tun yaushe kike yi mata haka?"

"Tun da aka haifi Lele. Barcinsa shi ne lokacin aikina, Gwaggo. In ƙofar ta yi kuka, ranar ta tafi."

Gwaggo ta girgiza kai. Da ma akuya ce ta ɓata, da ta fi sauƙi.

"Akwai sauran hodar nan?"

"Akwai kaɗan."

"Ba ni. Ki goya yaron ki fito."

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta tara su a tsakar gida. Matar Direba da ɗankwali a ɗaure a goshi, Mai Wuta da Soja riƙe da hannun rigarsa, Baban Lele a jingine da bango, sauran 'yan haya kuma a ƙofofinsu suna miƙa wuya.

"Na share ɗakin na zuba sabuwar hoda," in ji Gwaggo. "Kowa zai buɗe ya shiga ya taka min, in ga sawunsa. Na ga wani sawu ɗazu da nake son in gane mai shi."

Ƙarya take yi, kuma ko a jikinta.

Matar Direba ce ta fara. "Ni ban da abin ɓoyewa, ƙafata ma ta fi fuskar wasu kyau." Ta tura ƙofar da tafin hannu. Ƙiiii! Har Lele ya zabura a bayan uwarsa. Ƙyauren ya share hodar fes, ya bar rabin da'ira baƙi a tsakiyar fari. Ta taka ta fito. Gwaggo ta sake barbaɗawa ta ja ƙofar.

Mai Wuta ya tura. Ƙiiii!

"Soja, kai ma."

"Ni? Ni ne hukuma a nan!"

"Hukuma ba ta da ƙafa?"

Ya tura da kafaɗa, ƙofar ta yi kukan da ya fi na kowa, aka yi 'yar dariya. Gwaggo ta shiga ta zazzage ƙarshen hodar, ta sa Uwar Lele ta rufe.

"Saura kai, ɗan nan."

"Ni ma, Gwaggo? Ai ɗakina ne, sawuna dole yana ciki."

"Shi ya sa. In ware na 'yan gida."

Ya tako a hankali. Ya kama marikin da hannu biyu. Ya sa gwiwa, ya ɗaga, ya tura. Ƙofar ta buɗe shiru, kamar an yaye labule. Hodar tana nan kwance yadda aka zuba ta.

Ya taka, ya juyo yana jiran a dubi ƙafarsa. Gwaggo ba ta ko kalli ƙafar ba.

"Soja, ɗazu da ka shafa ƙarƙashin ƙofar nan, wane launi ka gani?"

"Baƙi."

"Ke kuma, kin ce tun da Mai Wuta ya fita ba ta yi kuka ba."

"Na faɗa," in ji Matar Direba, amma muryarta ta ragu.

"Gaskiya kika faɗa, yau dai. A rufe ɗakin yake, da hoda a ƙasa, da yaro na barci. Aka shiga aka fita, ƙofa ba ta yi kuka ba, ba ta taɓa hoda ba, yaro bai farka ba. Baƙo ba ya ɗaga ƙofar da bai san ciwonta ba. Kun gani da idonku, ku da kuke gida ɗaya da ita ma ba ku sani ba. Mutum biyu ne suka san ta. Ɗaya tana wajen famfo Soja na cin ranta."

Idanu duk suka koma kan Baban Lele.

"Gwaggo, wannan ai ba hujja ba ce," in ji Baban Lele. "Don na iya buɗe ƙofata..."

"Soket ɗin."

Uwar Lele ce ta yi maganar. Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye tana jijjiga yaron a bayanta, idonta a kan mijinta.

"Kullum sai ka ce min in na cire caja in kashe soket, kada yaro ya sa yatsa. Kullum ina mantawa, kullum kai kake kashewa. Baban Lele, kai ne?"

Ya dubi ƙasa. Hoda ta yi wa yatsun ƙafarsa fari.

"A titi aka tsince shi," ya ce da ƙyar. "A titi. Da mota ta bi ta kansa fa? Kina ciki kin toshe kunne da maganar wasu mutane, ɗanki na waje. Tun ranar ba na iya aiki. In na ji ƙarar burki a gaban shago sai gabana ya faɗi. Na san in na ce ki bari ba za ki bari ba. Na ce in abin ya ɓata, shi ke nan, ba faɗa, ba ɓacin rai."

"Ba ɓacin rai!" Gwaggo ta yi kansa har sai da ya ja baya. "Dubi kumatun bawan Allahn nan! Kana tsaye aka ce zai kwana a bayan kanta, ka haɗiye harshenka. Matarka ta yi kuka har hawaye ya ƙare, ka zo kana mata sai haƙuri. Tsoro ya kama ka, to, wa ya ce kada ya kama ka? Ni ma da na ji sai da na tsorata. Ba ka da baki? Ba ka iya cewa ke, zo mu zauna, yaron nan ya kusa mutuwa? Ba ka iya sa sakata a ƙofar zaure? Ba ka iya ɗaukar ɗanka in ka dawo, ta samu ta yi aikin da kunne biyu? Sai ka lallaɓo da rana tsaka kamar ɓera ka yi wa ɗakinka sata!"

Ta juya kan 'yar ƙaninta, ba ta rage murya ba. "Ke kuma, da ni da ke akwai zama. Yaro ya kai titi ki ɓoye min?"

Uwar Lele ta sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Tun ranar kunne ɗaya nake sawa. Da ya tambaye ni da ya sani."

Soja ya saki hannun rigar Mai Wuta, ya shiga kakkaɓe masa kafaɗa kamar da ma ƙura ya gani.

"Ina kwamfutar take?" in ji Gwaggo tana duban Baban Lele.

"Tana shago. Bayan gwangwanaye. Na naɗe ta a leda, ba abin da ya same ta."

"Kafin ka hau babur ɗin nan, ka durƙusa gaban mutumin nan, a gaban duk waɗanda suka ji an kira shi ɓarawo. Soja, kai ma ka bi layi."

*

Rana ba ta faɗi ba ya dawo. Gwaggo tana zaune a bakin gado, Lele na wasa da zoben hannunta. Uwar Lele ta share ɗakin, ta goge teburin, ta zauna a kan kujerar mai ɗaurarriyar ƙafa tana jira, hannuwa a cinya.

Ba su ji shigowarsa ba. Sai dai suka ga haske ya faɗo ɗakin, yana tsaye da ledar a ƙirji.

Ya ajiye a kan teburin. Ta buɗe, ta jona caja, ta kunna soket. Allon ya kawo haske, aikin yana nan inda ta bar shi. Ta ɗauki Lele daga cinyar Gwaggo ta miƙa masa, ya karɓa da sauri kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Gobe zan kira kafinta ya gyara ƙofar," ya ce a hankali.

"Kada ka kira kowa."

Ta ɗauki abin kunnen, ta sa guda ɗaya. Ba ta dube shi ba.

"Ka bar ta yadda take. Kuma daga yau ka daina ɗaga ta. Ka riƙa tura ta kamar kowa, ko da yaron zai tashi. Ina so in riƙa jin shigowarka."